Wasiƙa zuwa ga Hadiza kan garin da za ta binne

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ya karatu? Mamanki ta karanto mini saƙonki kan aikin kammalawa. Na fahimci za ki ƙera kawuna da tukwane na yumɓu, ki gasa, ki binne su damina guda, sannan ki tono ki baje su a matsayin kayan wani tsohon gari da ke kika ƙago shi. Maganar kawunki kan halaccin ƙera siffar mai rai mun riga mun yi ta, ba ita ta kawo ni yau ba. Tunanin ya burge ni, amma akwai inda nake so ki taka a hankali.

Wanda kika ce ya ba ki sha'awa, Damien Hirst na Ingila, na san labarin aikin nasa. A 2017 ya cika manyan gine-gine biyu a birnin Venis na Italiya, Palazzo Grassi da Punta della Dogana, da sassaƙe-sassaƙe 189. Ya ce dukiyar wani 'yantaccen bawa ce ɗan Antakiya, mai suna Cif Amotan II, wanda jirginsa ya nutse kusan shekara dubu biyu da suka wuce, aka gano shi a gaɓar gabashin Afirka a 2008. Har hotunan masu nutso aka nuna suna ciro kayan daga ƙasan teku, murjani ya lulluɓe su. A farfajiyar ɗaya ginin akwai dodo marar kai, tsayinsa mita 18, a ido kamar tagulla, alhali fenti ne. Ba bawan, ba jirgin, duk ƙage ne.

Wannan ƙagen ban ga laifinsa ba, domin ya bar wa mai kallo ƙofar fita. Cikin kayan da wai sun kwana dubunnan shekaru a teku, sai ga Mickey Mouse da murjani a kunne. Kowa ya ga wannan ya san wasa ake yi da shi, sai ya koma yana tambayar kansa me ya sa ya gaskata na ɗakin baya. Kakarki ma haka take yi. Da ta ce "ga ta nan, ga ta nanku" an san inda aka dosa, in ta gama ta ce ba don gizo ba da ta yi ƙarya, ba wanda ya kwana da ruɗu.

Inda abin ya ɓaci shi ne wani kai na zinariya a cikin kayan, wanda duk mai ido ya san kan Ife aka kwaikwaya, irin waɗanda aka tono a 1938 ana haƙa tushen gida a Ile-Ife. A shekarar nan ta 2017 Najeriya ta fara buɗe rumfarta a babban baje kolin fasaha na Venis, kuma Victor Ehikhamenor na cikin waɗanda suka wakilce ta. Ya ga kan, ya fito fili ya koka cewa yara masu tasowa za su san wannan fuska a matsayin aikin Hirst, Ife ta ɓace musu. Mutanen Hirst suka ce ai an ambaci Ife a rubutun da ke tare da aikin. Gaskiya ne an ambata. Amma hoton ya zaga duniya a wayoyin mutane, rubutun yana can jikin bango.

Kuma tsohon ciwo ne aka fama. Tun 1910 Bajamushen nan Leo Frobenius ya ga irin wannan kai a Ife, ya kasa yarda baƙar fata ne suka yi shi, ya ce ragowar mutanen Atlantis ne, garin almara da aka ce teku ta haɗiye. Mutanen da aka taɓa ƙwace wa aikin kakanni aka miƙa wa garin da babu shi, kin ga ba za su yi dariya ba in an sake jefa shi cikin jirgin da babu shi. Don haka duk abin da kika ara, salon ido ne ko kitso ko zanen goshi, ki faɗi mai shi da babbar murya, a inda mai ɗaukar hoto ba zai iya yanke shi ba.

Abin da ya fi damuna kuwa yumɓun ne. Gasasshen yumɓu da ya kwana a ƙasa a yankinmu, sunan da zai fara zuwa bakin dillali Nok ne, wato tsofaffin mutum-mutumin yumɓun nan da aka fara tonowa a ƙauyen Nok na kudancin Kaduna. Tun da masu haƙar kuza suka ci karo da na farko a 1928, har Bernard Fagg, Baturen nan mai binciken kayan tarihi, ya tattara su aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, kayan nan ba su huta ba. Ana haƙarsu a ɓoye, ana fitar da su duk da doka ta hana, jabu kuma ya cika kasuwa. Masu jabun har tsofaffin ɓaraguzai na gaske suke harhaɗawa su yi sabon mutum-mutumi, don in an ɗebi ɗan ɓarɓashi an kai gwaji ya nuna tsufa. Baje kolinki zai tashi cikin mako biyu, takardun bayani su yage, kawunan su rage. Bayan shekara goma wani zai iya fitar da ɗaya daga buhu ya ce a gona ya tsinta, kuma aikin hannunki ne zai shaide shi.

Maganin mai sauƙi ne. Tun yumɓun yana ɗanye ki karce sunanki da shekara a gindin kowanne, da zurfi, ki gasa shi a haka. Shekarar kuma ta zama wadda kika yi shi. Hirst ɗin nan a 2024 jaridar Guardian ta ba da labarin cewa wasu ayyukansa uku na dabbobi cikin ruwan hana ruɓewa, masu ɗauke da shekarun 1990, a 2017 aka yi su. Kamfaninsa ya ce shekarar da tunanin ya zo masa ake rubutawa. Ni dai bayanin bai gamsar da ni ba, kuma ba na so wata rana a tsare ki da irin wannan tambaya.

Garin naki ki ƙawata shi yadda kike so, ki ba shi sarauniya da kasuwa da shekarar fari. Sai ki saka abu ɗaya da zai tona asirin, ko da murfin kwalbar lemo ne a wuyan sarauniyar. Kar ki binne su kusa da kufai ko inda masu binciken tarihi ke tono. Bayan gidanmu akwai fili, zan sa ƙaninki ya kewaye miki gefe guda saboda awaki.

Ki nuna wa malaminki wannan shawara kafin ki sayi itacen gashi. Kuɗin yumɓu da na mota zan turo ranar Juma'a in Allah ya kai mu. Mamanki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci. Allah ya yi miki albarka.

Naki,
Baba