Albasa, Aure ko Kagoro

Mutumina,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya sanyin Jos, ya madam da 'yan biyu? Na ga saƙonka tun Ista, kullum sai in ce gobe zan amsa, har kunya ta kama ni na koma ɓoyewa in na gan ka kan WhatsApp. Ka tambaye ni yaushe biki, to zauna ka ji, don tambayar taka ta faɗo daidai lokacin da kaina ya ɗau zafi.

Ka tuna littafin nan mai jan bango da na rubuta shirin shekara biyar a 2021, wanda kunka riƙa kira Littafin Ru'ya ta Biyu? Na ci karo da shi cikin akwati rannan. Digiri na biyu 2023, aure 2024, fili a Mabera 2025. Ko ɗaya bai tabbata ba, abin da ya cika kawai shi ne sayen babur, shi ma an sace shi bakin kasuwa. Ban ma rubuta cewa rabin zumuntar matasanmu za su watse bayan rikicin Sakkwato na Mayun 2022 ba, har da kai sarkin gudu.

To cikin Maris abu uku sunka zo mani lokaci guda. Kawu ya ce in kawo kuɗin adashina mu sayi albasa tun tana araha a Ramin Kura, mu zuba a rudu, mu jira Oktoba zuwa Disamba lokacin da take tsada. Dattawan ikkilisiya sunka kira ni bayan sujada sunka ce sun ga baiwar koyarwa gare ni, suna so in tafi makarantar tauhidi ta ECWA a Kagoro, su ɗauki wani kaso na kuɗin. Ita kuma mutuniyar ta ce babanta ya gaji da ganin takalmina ƙofar gida, in ba a sa rana bana ba kowa ya kama gabansa. Kuɗin kuwa guda ne, ba ya rabuwa uku.

Sai na shiga azumi, kwana uku, cikin Afrilun Sakkwato fa, zafi ya haura 40, ranar ta biyu sai da Inna ta zuba mani ruwa a ka. Ban ji murya ba, ban yi mafarki ba, in ban da mafarkin fura. Daga nan na ce bari in yi irin na Gidiyon da ya roƙi Allah alama da ulun tunkiya, na ce ya Ubangiji in Kagoro ce nufinka, a kawo wuta daren Asabar ta kwana ba a ɗauke ba. Kada ka yi dariya. An kawo ta, ta kai ƙarfe 3 na dare anka ɗauke, na zauna cikin duhu ina lissafin ko wanga rabin e ne ko rabin a'a. Alhaji maƙwabcinmu da ya ga duk na faɗa ya ce mi ya same ka, na gaya mashi, ya ce ai ku ma kuna da istihara ashe, ya ƙara da cewa shi dai in ya yi tasa ba ya zama jiran mafarki, kama hanya yakan yi.

Af, kafin in manta, mai jitar nan naku ya yi aure, kuma ba wadda kake zato ba, ƙanwarta. Zumuntar Mata har yanzu ba su gama tattauna zancen ba, sun kasu gida biyu, Inna ce shugabar 'yan adawa.

Wanda ya warware mani ɗan zaren Baba mai sanda ne. Na je gaishe shi na zazzage mashi komai har zancen wuta, ya yi dariya har da tari. Ya ce in buɗe Ayyukan Manzanni sura 16 in karanta da ƙarfi. Manzo Bulus ya nufi Asiya, Ruhu Mai Tsarki ya hana, ya juya Bitiniya, nan ma anka hana, sai da ya gangara Taruwasa sannan ya ga mutumin Makidoniya cikin wahayi. Ya ce ka lura, yana kan tafiya anka tare shi, sau biyu, kai kuwa ka kwanta kan tabarma kana so a tare ka. Ya kuma kawo labarin su Bingham, 'yan mishan da ECWA ta samo tushe gare su, wanda muke ji kowace ranar tunawa da mishan, yadda su uku sunka sauka Legas a 1893, Gowans ya mutu a Girku, Kent a Bida, duk cikin 1894, Bingham ya koma gida da zazzaɓi, ya sake zuwa a 1900 ya sake komawa, sai a 1902 anka samu zama a Patigi. Ni da can labarin na gundura ta, ka san yadda ake jan shi a riƙe mu har ƙarfe 1, amma ranar na ji shi daban, don ko su ba wanda ya ba su takardar tabbaci kafin su shiga jirgi. Sannan ya ce Yesu da kansa a Luka 14 ya ce mai son gina soro ya fara zama ya yi lissafi, to je ka yi lissafi, ka rubuta in Ubangiji ya yarda a saman takardar yadda wasiƙar Yaƙub ta ce, kada ka rubuta shi don ado.

Na yi lissafin, dare biyu, ni da ita. Ita ta fi ni kai, wanga kam na yarda, kada ka gaya mata. Mun sa buhu 20 wurin Kawu maimakon 60 da ya so, ya yi fushin kwana biyu ya huce. Aikin koyarwa ban aje ba duk da albashin da ake biya sai an ga dama. Kagoro kuma na ce ma dattawa zan cike takarda badi, in ƙofa ta buɗe in tafi da matata, in ta rufe ba zan ɓalle ta ba.

Amma gaskiya hankalina bai kwanta duka ba. Wani dare sai in ji kamar wayo na yi ma Allah, na ba kowa kaɗan-kaɗan don kada in ba shi duka, kamar Yunana ne ni da ya guje ma kiran Allah, sai dai jirgina cike da albasa. Wani dare kuma in ji lafiya lau. Ga damina ta kama, ka san albasa da laima, guda ta ruɓe ta ja na kusa da ita, duk Asabar ina kan hanya zuwa duba rudu ina tsince masu taushi, ina komowa gida ina wari har yaran lahadi sun sa mani suna. Ka sa ni cikin addu'a da gaske, ba irin taka ta zan yi zan yi ba.

Wani taimako kuma, tunda kana kusa da Farin Gada, ka leƙa JETS, makarantar tauhidi ta ECWA da ke Jos, ka tambayo mani ko suna da tsarin da mutum zai riƙa zuwa lokacin hutu yana riƙe da aikinsa, da abin da ake biya. In akwai, ka ga ɗakinka na baƙi ya samu mai shi, ka fara gaya ma madam tun yanzu.

Inna na gaishe ka, ta ce dankalin da ka yi alkawari tun bara ko a ƙasa yake har yanzu. Direban nan na ranar Talata yana nan, ka ba shi, ni kuma in aiko da kilishi. Au, bikin, Asabar ta biyu cikin Disamba in Ubangiji ya yarda kuma albasa ba ta ruɓe ba, kai ne babban aboki, ka nemo babbar riga da za ta rufe tumbin nan da na gani a hoto.

Naka,
mai jan littafi