A koya wa 'yan firamare tsare kansu a waya, ko babu kwamfuta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili a wannan jarida mai farin jini domin jan hankalin hukumomin SUBEB masu kula da ilimin firamare a jihohi, hedimastoci da iyaye. Duk lokacin da aka ce a koya wa yara yadda za su tsare kansu a intanet, amsar ɗaya ce: ba kwamfuta, ba wuta. Wannan ba hujja ba ce. Ɗan aji huɗu ba a ɗakin kwamfuta yake gamuwa da haɗari ba, a wayar mahaifiyarsa ne, bayan Magariba, tana can tana kwashe tuwo. Allo da alli da minti 30 a mako sun isa a fara.

A fara da lambobin da ba a faɗa wa kowa: guda 4 na katin banki, guda 11 na BVN da na NIN, sai guda 6 da WhatsApp ke turowa ta tes. Na ƙarshen nan ne ya fi cin mutane. Ɗan damfara zai saka lambar uwar a wayarsa, WhatsApp ya turo mata lambar tabbatarwa, sai ya kira: "Ɗan albarka, Hajiya na kusa? Daga wajen adashi ne, karanto mini lambar da ta shigo yanzu." Yaro mai ladabi zai karanta, domin an hore shi kada ya musa wa babba. Nan take ɓarawo ya karɓe WhatsApp ɗin, ya bi dangi yana neman rance da sunanta.

Shi ya sa hadda ba ta wadatarwa, sai an gwada a aikace. Malami ya zama mai kira, ya yi lallashi, ya yi gaggawa, har ya yi tsawa. Ɗalibi ya kara kwalin alli a kunne ya amsa: "Yi haƙuri, bari Mama ta zo." A gwada yara biyar kowane mako, kuma a fara da masu kunya, don su aka fi saurin yaudara. A faɗa musu ƙarara cewa wannan amsa ba rashin kunya ba ce.

Sai jita-jita. A jera yara goma, a raɗa wa na farko jimla guda, a ji abin da zai fito daga bakin na ƙarshe. Bayan an gama dariya, a ba su labarin Agustan 2014, lokacin Ebola, da saƙo ya zaga cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha, mutane suka kwanta asibiti, wasu suka rasa ransu. A zana musu kibiyoyi biyu da WhatsApp ke sa wa saƙon da ya bi hannu da yawa. Kafin su tura komai su tambayi kansu: wa ya faɗa, yaushe, rediyo ta faɗa?

Batun hoto gajere ne. Bajen da ke ƙirjin rigar makaranta yana gaya wa baƙo inda yaro yake kowace safiya. Facebook da TikTok ma shekara 13 suka sa a matsayin mafi ƙaranci, yawancin 'yan firamare ba su kai ba.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne gida. Yarinya ta ce wani ya turo mata hoton banza, sai a dake ta, a ƙwace wayar. Gobe in ya nemi ta turo nata, ba za ta faɗa ba, shi kuwa shirun nan yake nema. A taron iyaye da malamai a roƙi iyaye kada su hukunta yaron da ya kawo ƙara. A nan take kuma kowa ya ciro wayarsa a kunna masa tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, wato lambar sirri ta biyu da mai wayar zai zaɓa da kansa. Minti biyu ne, kuma ko an sace lambar tes, sai an san wannan lambar sirri kafin a shiga.

Makarantu su ma su gyara. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye ake amfani da bayanan yaro. Hedimasta ya raba takardar neman izini a farkon zango, wanda iyayensa ba su sa hannu ba kada a sa hotonsa ko sakamakonsa a Facebook.

Wassalam.

Wasu malaman firamare da masu aikin kwamfuta,
Kano