Aikin iyali yana farawa ne ranar da aka sallami mai shaye-shaye

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin iyalan da ke jinyar mai shaye-shaye kan kuskuren da ke cin rayuka. Da an sallamo yaro daga asibiti, ya murmure, idonsa ya washe, sai gida ya sauke ajiyar zuciya a ɗauka an gama.

Fitar da ƙwaya daga jiki shi ne mataki mafi gajarta. Mai shan kodin ko tramadol yakan fara hamma, majina, gudawa da ciwon gaɓɓai cikin awa 8 zuwa 24 da dainawa, abin ya tsananta a kwana na biyu zuwa na uku, ya lafa kafin kwana 10. Giya da ƙwayoyin barci irin su diazepam kuwa, yanke su farat ɗaya na iya kawo jijjiga da ruɗewa har a rasa rai. Shi ya sa kulle mutum a ɗaki wai har abin ya sake shi ganganci ne. Likita ne zai tsara yadda za a rage.

Babban haɗarin yana zuwa bayan nan. Jikin da ya yi makonni bai sha ba ya daina jure adadin da ya saba, to ranar da ya koma ya sha daidai na da, numfashinsa na iya tsayawa. Ya kamata kowa a gidan ya san alamun hakan: ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, numfashi ya ja baya, munshari mai nauyi, leɓɓa su sauya launi, a girgiza shi bai farka ba. Kada a ce a bar shi ya yi barci, kada a ɗura masa komai. A kwantar da shi ta gefe, a ba shi naloxone, maganin da ke karya ƙarfin ƙwayoyi irin su kodin da tramadol, idan akwai, a garzaya asibiti ko da ya farfaɗo, domin ƙarfin maganin yana ƙarewa cikin minti 30 zuwa 90, ƙwayar kuma tana nan a jini.

Sai a raba nauyin. Idan aka bar wa uwa ita kaɗai, cikin 'yan watanni ta gaji, gajiyar ta koma faɗa. A samu mutum uku: mai raka shi ganin likita da riƙe masa magani, wanda zai kira ko da tsakar dare idan ƙishirwar ƙwaya ta taso (sau da yawa takan lafa cikin rabin awa idan akwai abokin magana), da wanda zai sama masa aikin da zai cinye masa wuni. A watanni ukun farko kada a damƙa masa kuɗi a hannu, a biya masa buƙatar kai tsaye. A sauya layin waya, domin dillali ba ya manta lambar mai saye.

Akwai abin da iyali ba za su iya ba shi ba, wato zama da waɗanda suka sha suka daina. A kan haka aka kafa ƙungiyoyin masu neman daina shaye-shaye, wato Alcoholics Anonymous a Amurka a 1935, da Narcotics Anonymous a 1953. A gabansu yake faɗin abin da kunya ta hana shi faɗa wa mahaifinsa.

Kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na masu jinyar nan sukan koma sha, don haka a yi shawara tun kafin ta faru: idan ya zame, ya faɗa a ranar, a koma wurin likita, ba duka, ba gori, ba kora. Wanda ke tsoron kora ɓoyewa zai yi ya sha shi kaɗai a bayan ƙofa, inda babu mai ganin numfashinsa ya ja baya.

Wassalam,
Wani mai karatu.