Abin da ke sa motar tsere ta ƙi shan kwana

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni makanike ne a Suame Magazine, unguwar makanikai da ke nan Kumasi, kuma wallahi yana damuna yadda samarinmu na Zango masu kallon gasar tseren motoci ta Formula 1 ke ɗora wa direba laifi duk sanda ya murza sitiyari amma hancin motar ya miƙe waje ta ƙi shan kwana. Sau da yawa saitin ƙafar gaba ne fa. In mota ta shiga kwana da gudu jikinta na kwantawa waje, tayar gaba ta wajen sai ta koma taka kwalta da gefenta kawai, riƙo ya ragu ta fara zamewa tun kafin ta baya. Shi ya sa ake karkato saman tayoyin gaba ciki, wato kamba, a Formula 1 wajen digiri 3, don in motar ta kwanta tayar ta zauna daram. Kuma in sipirin ɗin gaba ya fi na baya tauri sosai nauyi na taruwa kan taya ɗaya, matsalar ƙin shan kwanar ta ƙaru.

Don Allah ku riƙa kawo irin wannan bayani a shafin wasanni, yaranmu masu koyon aiki suna buƙatarsa.

Naku,
Wani makanike, Kumasi