Kafin a sa wa motar daji manyan tayoyi, a duba lambar da ke jikin ƙofa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana direbobi da masu motocin nan masu ja da ƙafa huɗu, irin su Hilux da Land Cruiser da Patrol da Pajero. Tuƙi ne sana'ata, kuma mafi yawan aikina a hanyoyin da ba su san kwalta ba nake yin sa, cikin yashi da taɓo da duwatsu. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake sayen taya da ido. Mutum zai tsaya gaban mai taya ya ce a ba shi wadda ta fi girma da faɗi don motar ta yi kwarjini, ba tare da ya tambayi abin da girman zai jawo wa giya da birki da sitiyari ba. A cikin gari za a iya daɗewa ba a gane ba. A daji kuwa, inda babu makanike kusa, nan ake biyan bashin.

Duk wanda ya buɗe ƙofar direba zai ga wata 'yar takarda manne a jikin ginshiƙin ƙofar, ɗauke da girman tayar da kamfani ya ƙera motar da ita da kuma iskar da ya kamata a sa. Daga nan kowane lissafi ke farawa. A ce an rubuta 265/70 R16. Lambar farko faɗin taya ce, milimita 265. Ta biyu ba tsawo ba ce kai tsaye, kaso ce: gefen tayar, wato naman robar da ke tsakanin rim da ƙasa, ya kai kashi 70 cikin ɗari na faɗin, kimanin milimita 185 ke nan. Ita kuma 16 girman rim ce a inci. Idan aka haɗa gefen sama da na ƙasa da rim ɗin, tsayin tayar gaba ɗaya zai kama milimita 777. Akwai wani salon rubutun, kamar 31x10.50 R15, shi wannan ya fi sauƙi: tsayi inci 31, faɗi inci 10 da rabi, rim inci 15.

To, yanzu a ce mai motar ya cire waccan ya sa 285/75 R16, kamar yadda mutane da yawa ke yi. Tsayinta milimita 834 ne, ta ɗara ta asali da 57. A ido abin ya yi yawa. Amma motar ba ta tashi da 57 ba, da rabinsa ta tashi, domin rabin ƙarin yana sama ne cikin madigadi. Abin da aka samu a ƙasa bai cika santimita 3 ba.

Ba raina wannan ƙarin nake yi ba. Duk wanda ya taɓa jin tulun aksul ɗin baya, wato kumburin nan da ke tsakiyar ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, ya daki dutse, ko ya zauna a kan tudun da ke tsakanin sawun manyan motoci har tayoyi suna juyawa a banza, ya san darajar kowane santimita. Kuma taya ce kaɗai ke ɗaga wannan tulun. Ko an ƙara wa mota tsayin sifirin da shokazoba, bodi da firam ne za su tashi, aksul ɗin yana nan inda yake. Saboda haka akwai hujjar ƙara tsayin taya. Magana ta ita ce mutum ya san abin da ya bayar kafin ya karɓi abin da ya samu.

Abin da ya bayar kuwa ga shi. Sabuwar tayar, 285/75 R16, ta fi ta asali kewaye da wajen kashi 7 cikin ɗari, don haka ƙarfin da ke isa ƙasa a kowace giya ya ragu da kimanin haka. A kan kwalta sai direba ya ji motar ta yi nauyin tashi, mai ya ƙara tafiya. A hawan tudu da lodi sai ya ga yana neman giya ɗaya inda a da giya biyu ke fidda shi, kuloci yana shan wahala. A gangara mai tsanani ma injin ba zai riƙe motar kamar da ba, sai ƙafa ta yawaita zuwa birki, shi kuma birkin yana fama da taya mai nauyi da tsayi fiye da wadda aka ƙera shi dominta. Allurar gudu za ta nuna 100 alhali motar tana kan 107. Maleji zai ce an yi kilomita 5,000, a gaskiya an haura 5,300, lokacin juye baƙin mai ya wuce ba a sani ba. Boris da sandunan sitiyari da mahaɗan ƙafar gaba duk suna ɗaukar wannan ƙarin nauyi a kowane rami.

Na taɓa duba motar wani abokin aikina da ke kukan yana jin gurnani idan ya karya kwana. Na zura hannu bayan tayar gaba, sai na tarar robar cikin madigadin ta huje, ƙarfen da ke bayanta ya goge yana ƙyalli, a kafaɗar tayar kuma ga wani siririn yanka ya zagaye ta. A tsaye a fili tayar ba ta taɓa komai. Sai an murɗe sitiyari ƙarshe, ƙafar ta hau tudu, sifirin ya danne, sannan take cin ƙarfe. Da an ci gaba a haka, wata rana da lodi a baya za ta tsage. Shi ya sa nake cewa kada wanda ya yarda da gwajin da aka yi mota tana tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri. A ɗora ƙafa ɗaya a kan tudu, a murɗe sitiyari dama da hagu har ƙarshe, a gaba da kuma a ribas, a leƙa a gani.

Inda na fi son a tsaya a yi tunani shi ne batun rim. Ga tayoyi uku: 265/70 R16, da 265/65 R17, da 265/60 R18. Tsayinsu kusan ɗaya ne, bambancin bai wuce milimita biyu ko uku ba. Amma gefen ta farko milimita 185 ne, ta biyu 172, ta uku 159. Duk incin da aka ƙara wa rim, daga naman taya aka zaftare shi. Wannan naman kuwa shi ne ke shanye gargada kafin ta iso ƙugun direba, shi ne ke lanƙwasawa ya rungumi dutse maimakon ya matse tsakanin dutsen da bakin rim ya fashe, kuma shi ne ke ba ka damar rage iska. A yashi mai laushi nakan sauke iska zuwa wajen psi 18 (psi shi ne ma'aunin iskar taya), in durƙusa in kalli yadda tayar ta kwanta. Sawunta a ƙasa tsawo yake ƙarawa gaba da baya fiye da yadda yake ƙara faɗi, sai motar ta hau saman yashin maimakon ta tona. Tayar da gefenta gajere ne ba ta da abin kwantarwa, kana rage iska kaɗan rim ya kusa ƙasa. Idan birki ya ba da wuri, domin wasu motocin faifan birkinsu ya fi ƙarfin rim 16, ni ƙaramin rim da taya mai nama zan zaɓa a kowane lokaci. Sai dai a tuna da mayar da iskar kafin a hau kwalta, domin gudu da taya mara iska zafi yake tara mata har ta lalace daga ciki.

Faɗi ma ana ba shi girman da ya wuce nasa. Taya mai faɗi tana tura tulin yashi mai faɗi a gabanta, injin ne zai yi dakon turawar. A taɓon da ƙasansa ke da tauri, siririyar taya ce ke ratsawa ta kama ƙasa, mai faɗin kuma ta yi ta sulɓi a sama. Ba banza ba Land Cruiser 70, wadda Toyota ta fito da ita a 1984, da tsofaffin Land Rover suka yi shekaru suna aiki a sahara da dazuzzuka da 7.50 R16, siririya doguwa. 'Yar'uwarta a sabon rubutu, 235/85 R16, tsayinta ya kai milimita 806, ta fi 265/70 R16 tsayi alhali ta fi ta siranta. Kuma kowace taya tana da faɗin rim ɗin da ya dace da ita. Irin 285/75 R16 tana son rim mai faɗin inci 7 da rabi zuwa 9, idan aka cusa ta a kan siririn rim tsakiyarta ce za ta riga cinyewa.

Akwai kuskuren da ya fi duk waɗannan tsada, shi ne gauraya girma. Wani zai sa manya a baya ya bar ƙanana a gaba, ko ya canza huɗu ya bar safaya a tsohon girmanta. A irin motocin da ake saka musu giyar ƙafa huɗu idan buƙata ta taso, da zarar an saka ta, ƙafafun gaba da na baya sun ƙulle, dole su juya tare. Kamar a ɗaure ƙafar dogo da ta gajere ne a ce su yi taku ɗaya. A yashi tayoyin za su ɗan zame su huce, amma a ƙasa mai tauri wahalar tana taruwa a furofela da akwatin da ke raba ƙarfin inji tsakanin ƙafafun gaba da na baya har giyar ta ƙi fita, ko wani abu ya karye. Don haka wanda zai canza girma ya yi lissafin taya biyar. Ya kuma gwada ko sabuwar safayar za ta shiga mazauninta a ƙarƙashin mota, don sau da yawa ba ta shiga.

Bayan lambar girma akwai wata da ake tsallakewa, kamar 112S. Wannan 112 tana nufin taya ɗaya tana ɗaukar kilo 1,120, harafin S kuma iyakar gudunta kilomita 180 a awa. Mai lamba 121 tana ɗaukar kilo 1,450. Girman taya ba shi ne ƙarfinta ba, kuma bai kamata a sa wadda lambarta ta gaza ta jikin ƙofa ba. Ga motar da ke ɗaukar kaya a hanyar duwatsu, tayar da aka rubuta wa LT a gaban lambarta, wato ta ƙananan motocin ɗaukar kaya, ta fi jure yanka da huji, ko da yake ta fi tauri da nauyi.

Shawarata ga mai motar da ke aiki da ita, ba ado ba: ya zauna a girman kamfani, ko ya hau mataki ɗaya da bai wuce kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari na tsayi ba, kamar daga 265/70 R16 zuwa 265/75 R16. Wanda ya ga lallai sai ya wuce haka, ya shirya gyaran giyar aksul da wurin da tayar za ta yi wasa, ya kuma bincika abin da dokar ƙasarsa da kamfanin inshorarsa suka ce kan sauya girman taya. Ina kuma kira ga masu sayar da taya da su riƙa tambayar mai saye irin hanyar da yake bi da nauyin da yake ɗauka kafin su miƙa masa kaya, su nuna masa lambobi huɗun da ke ƙarshen layin rubutun da ya fara da haruffan DOT a gefen tayar. Idan an rubuta 2322, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2022. Roba tana tsufa ko ba a taɓa taka ta ba, kuma manyan tayoyin da ba a cika nema ba su ne suka fi daɗewa a ajiye.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, ya kiyaye mu a hanyoyinmu.

Wassalam,
Wani direba, mai karanta jaridarku.