Ni Ma Ina Cikin "Mahaukatan" Da Kuka Yi Wa Dariya Ranar Asabar

Assalamu alaikum Malam Edita,

Shekara da shekaru ina sauraronku a cikin mota ban taɓa rubuto muku wasiƙa ba, amma abin da aka yi a shirin ranar Asabar ya tsaya mini a wuya. Ina kan hanya da kaya a bayan tirela na ji abokin aikinku ya kwashe da dariya, wai mahaukata sun taru a Roswell, garin Amurka da ake bikin shekara-shekara kan labarin baƙin halittu daga wata duniya, suna jiran aljanun sama su sauko, ɗayan kuma ya ƙara gishiri, ya ce duk wanda ya taka ƙafarsa a wurin sai an yi masa ruƙiyya. To ga ni. Na je, ni da matata da yarana biyu, mun kwana biyu, mun dawo, kuma har yanzu babu wanda ya fara tsince-tsince a bola.

Da abin ya tsaya a dariya da na share. Amma kun san har ina muryarku take kaiwa? Ƙarfe uku na dare agogon Texas wayata ta yi ƙara, surukata ce daga gida. Ta ga hoton da na ɗora a WhatsApp, ina tsaye kusa da wani koren mutum-mutumi mai ƙaton kai da idanu kamar na fara, sannan ta ji shirinku, ta haɗa wannan da wancan. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Wai da gaske ne ka kai mini jikoki wurin masu bautar aljanu?" Minti arba'in ina rantse-rantse. Har yau in na kira sai ta ce a ba ta yaran ta ji ko muryarsu ta canza. Wannan aikinku ne, Malam Edita, ba na kowa ba.

Tambayata ɗaya ce: a cikinku wa ya je? Wa ya ɗaga waya ya tambayi ko da mutum ɗaya da ya halarta? Hotuna kawai kuka gani a intanet, mutane sun shafa koren fenti, kuka yanke hukunci.

Daga Dallas muka tashi bayan sallar asuba, kusan awa takwas da tsaye-tsayen shan mai, muka shiga jihar New Mexico. Roswell ƙaramin gari ne a tsakiyar fili fetal, mutanensa ba su kai dubu 50 ba, kuma a farkon Yuli rana tana duka kamar ta watan azumin bazara. Abin da ya fara ba yarana dariya fitilun babban titin garin ne, an zana wa kowace idanu biyu baƙaƙe masu tsini, ta zama kan baƙon halitta. Hatta McDonald's ɗin garin siffar faranti mai tashi, wato jirgin da ake cewa baƙin halittun suna zuwa da shi, aka yi masa. An tare titi, rumfuna jere, ana sayar da riguna da huluna da lemo mai ƙanƙara, makaɗa suna kiɗa, da dare kuma a yi jerin gwanon motoci da aka yi wa ado da fitilu. Akwai gasar shiga, har da ta dabbobi. Da idona na ga wata tsohuwa ta naɗe karenta da takardar gwangwani mai sheƙi, ta ɗaura masa 'yan ƙahoni biyu na roba, karen yana haki harshe waje, ita kuma tana yi masa fifita da takardar shirin bikin. Wani ƙato a gabanmu a layin sayen ruwa, koren fentin fuskarsa ya narke saboda gumi yana gangarowa cikin gemunsa, 'yata ta miƙa masa tishu, ya karɓa ya yi godiya cikin ladabi. Wannan shi ne mai bautar aljanun? Mu da muka taso muna manna auduga a haɓa muna yawon tashe, ai bai kamata mu fi kowa mamakin mutum ya yi shigar ban dariya ba.

Azahar ta same mu a can, na shimfiɗa darduma a gefen mota a wurin ajiye motoci na yi sallata, babu wanda ya ce mini kanzil. Wani ma da ya zo wucewa da mashi na roba a hannu sai ya kewaya ta baya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne labarin yana da tushe, kuma ko jimla ɗaya ba ku ba shi ba. A 1947 wani makiyayi mai suna Mac Brazel ya tsinci tarkace a gonar kiwon da yake kula da ita, can wajen Corona, nesa da garin: roba, 'yan sanduna, da wata takarda mai sheƙi. Ya kai labari ga hukuma, sansanin sojan sama da ke Roswell ya tura Manjo Jesse Marcel ya kwaso. Ranar 8 ga Yuli sansanin da kansa, ta hannun jami'in watsa labaransa Walter Haut, ya fitar da sanarwa cewa sun sami faranti mai tashi. Sojoji ne suka faɗa, ba mahaukata ba. Jaridar garin ta buga a shafin farko, kuma kwafinta yana nan rataye a gidan tarihin da ke babban titi, wani tsohon gidan silima ne aka mayar. Ba a ɗauki lokaci ba Janar Roger Ramey a Fort Worth ya kira 'yan jarida ya ce a'a, balan-balan ɗin auna yanayi ce. Maganar ta kwanta kusan shekara talatin, sai a 1978 Marcel ya fara ba da labarinsa ta sake tashi. A 1994 rundunar sojan saman Amurka ta fito ta ce gaskiya ba balan-balan ɗin yanayi ba ce zalla, ta wani shirin sirri ce mai suna Mogul, wanda aka yi don sauraron ƙarar gwajin nukiliyar Tarayyar Sobiyet daga can sama. A 1997 kuma suka ce gawarwakin baƙin halittu da wasu ke cewa sun gani mutum-mutumin gwaji ne da ake sakowa daga sama a shekarun 1950. Ka ga hukuma ta faɗi magana, ta janye, bayan shekara 47 ta dawo ta ce waccan ma da gyara. Wanda ya ji haka ya ce bai gamsu ba, ko bai yi daidai ba, ba za ka kira shi mahaukaci ba.

Ni dai ra'ayina balan-balan ce, kuma haka na faɗa a can ba tare da an jefe ni ba. A ɗaya daga cikin laccocin da ake yi a zaure mai sanyin na'ura, na zauna kusa da wani dattijo, ya ce shi tsohon malamin lissafi ne a makarantar sakandare, yana riƙe da littafin rubutu da ya cika da kwanan wata. Shi ya yarda ɗari bisa ɗari an ɓoye wani abu. Muka ja, na ce masa tarkacen da ya taso daga wata duniya ai ba zai zama roba da sanda ba, ya ce hotunan da aka nuna a Fort Worth ba na ainihin kayan ba ne. Ya kawo zancen zaman da majalisar dokokin Amurka ta yi a Yulin 2023 inda wani tsohon jami'in leƙen asiri, David Grusch, ya ba da shaida cewa gwamnati tana ɓoye kayan wata duniya, ni kuma na tuna masa rahoton ma'aikatar tsaro na Maris ɗin 2024 da ya ce ba a sami wata hujja ta fasahar wata duniya ba. Bai ja da baya ba, ni ma haka. Daga ƙarshe shi ya saya wa yarana askirim. Kuma yawancin waɗanda na gani a titi ko wannan musun ba ya gabansu, hutu suka zo, mutanen gari kuma kasuwa suke ci. Mai otal ɗin da muka sauka ta ce da kuɗin waɗannan kwanakin take cike giɓin watannin da babu baƙi, kuma na gaskata ta, don kuɗin ɗakin da ta caje ni ya ninka na kullum.

Don haka ina so a gyara a shiri na gaba, a fili, da bakin wanda ya yi dariyar, kuma a faɗa da Hausar da surukata za ta gane: babu bauta a Roswell, babu kiran aljanu. In kuna son wanda zai yi bayani ga ni, hotuna sun fi ɗari a wayata.

Tunda na riga na ɗauki alƙalami, don Allah ku duba maganar kiɗan da kuke sakawa a ƙarƙashin labarai. Ya fi muryar mai karatu ƙarfi. Mu da ke cikin babbar mota ga ƙarar inji ga kiɗa, farashin kayan abinci ma da ake karantowa rabi muke ji. Sau uku ina tura saƙo ta lambar da kuke bayarwa, ana buɗewa ba a amsawa.

Wassalam,
Mai sauraronku, direban tirela daga Dallas, Amurka.