Amsa ga ɗan'uwan da ke neman bindigar farauta a Alaska

Assalamu alaikum ɗan'uwa,

Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, a nan zan ba ka amsa. Ka ce aiki ya kai ka Alaska, kana son bindiga mai liba, wadda ake ɗanawa da mariƙin da ke ƙarƙashinta, don farautar mus, ƙatuwar barewar nan da namijinta kan haura kilo 500, ga kuma beyar a dajin. Ka rasa na zaɓe tsakanin nau'o'in harsashi uku: .45-70 da .444 Marlin da .450 Marlin.

Ɗauki .45-70 ka huta.

Tsoho ne, tun 1873 sojojin Amurka suka fara harba shi, kuma tsufan nan ne gatansa. Da wuya ka shiga shagon harsasai ka rasa shi, daga mai kan giram 19 har mai giram 26 zuwa sama, wanda ke fasa ƙashin kafaɗa ya wuce. Sai dai ka karanta kwali kafin ka biya. Saboda bindigogin kaka da kakanni da har yanzu ake harbawa, kamfanoni da yawa kan rage masa ƙarfi. Masu zafin kuwa na bindigogin zamani ne irin samfurin yanzu mai suna Marlin 1895. Ka ɗura wa tsohuwar bindigar soja irin Springfield masu zafin nan, tana iya tarwatsewa a hannunka.

Don kauce wa haka ne kamfanin bindiga na Marlin da kamfanin harsashi na Hornady suka fito da .450 a 2000, suka yi wa kwansonsa ɗamara don kada ya shiga bindigar da ba tasa ba. Dabara ta yi, kasuwa ce ba ta karɓa ba. Ina amfanin harsashin da sai an yi oda, ga mai zuwa ƙauyen da jirgin sama kaɗai ke shiga?

Shi .444 na 1964 ya fi tafiya a miƙe, amma kansa galibi giram 15 zuwa 17 ne. Ga ƙananan bareyi ya isa har ya yi yawa. In beyar ce ta taso maka, ni dai nauyi nake so.

Ka tuna a bindiga mai liba harsasan a bututu suke jere, kan wannan ya tokari gindin wancan. Kada ka kuskura ka zuba mai tsinin ƙarfe, don tsinin na iya tayar da harsashin da ke gabansa, sai mai faffaɗan kai ko mai tsinin roba na Hornady. Harbinka kuma kada ya wuce mita 150, don daga nan harsashin yake soma sunkuyawa sosai.

Kafin ka kashe ko sisi, duba dokar jihar: baƙon da ba Ba'amurke ba, bai kuma zama mazaunin Alaska ba, ba ya farautar manyan namun daji sai da ɗan jagora mai lasisi.

Allah ya tsare. Naka,
Yayanka a harkar farauta